Tsohuwar Bindigar Soja da Na Saya

Assalamu alaikum Kawu Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gida, yaya ƙafar taka? Ina fatan Inna Hajara da yara suna lafiya. Mu nan Alƙahira sai godiya, aikin ofishin jakadanci yana tafiya daidai.

Kawu, albishirinka! Lasisina ya fito, na sayi ƙaramar bindiga, tsohuwa ta soja, irin wadda kake ratayawa a ƙugu kafin ka yi ritaya. Kulob ɗinmu na harbi ne ya haɗa ni da mai ita. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ƙarfenta garau.

Mutumin ya so ya ba ni kyautar tsofaffin harsasai, wasu har sun yi kore. Na yi masa godiya, ban karɓa ba. Mai gyaran bindigogin kulob ya duba cikinta, ya ce, "Tamam take, amma tsohuwa ce. Harsashi mai ƙarfi zai iya fasa ta a hannunka." Sai muka zaɓi sabo, mai sauƙin ƙarfi, daidai awonta.

Ranar Juma'a na gwada ta. Da na ɗaga ta, sai na tuna yadda kake cewa in daidaita numfashi tukuna. Harbin ya faɗa tsakiyar allo, har Misirawa suka tafa. Na ce musu soja ne ya raine ni.

Tana kulle a kulob, kada hankalin kowa ya tashi. A sa ni a addu'a, a gaida mutanen gida duka.

Ɗanka,
Bashir