Farin Fure a Kwanon Tagulla

Gianyar, Bali

Zuwa ga ɗalibata Luh Darmi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a Solo. Na je kasuwar Sukawati kamar yadda kika roƙa, don zaɓo hoton da za ki kai wa mahaifiyar saurayinki Prasetyo ranar gabatarwa. Hotunan dukansu kwafi ne, amma kwafi ma hawa-hawa ne. Na ayaba da mangwaro bugun inji ne aka shafa wa mai. Na goga yatsa, sumul. Shi kuwa na farin furen nan namu, jepun, a kwanon tagulla hannu ne ya yi shi, har fentin ya ratsa bayan ƙyallen. Dubi yadda haske ya kwanta a bakin kwanon, abin da na sha koya muku a aji! Mai shagon ya kira ni da laƙabin malamai, ya ce, "Pak Guru, kai da ka zo saye, sai shinshina kaya kake yi?" Na aiko miki da shi. Ki kai da alfahari.

Malaminki,
Nyoman Sukerta

Solo, Java

Pak Guru,

Ina gaisuwa da ladabi. Na miƙa hoton a gaban dangi. Ibu Sumarni, mahaifiyar Prasetyo, ta buɗe shi a falo. Wata gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Amarya ta kawo mana maƙabarta har gida." Ashe furen da muke saƙalawa a kunne mu kai wurin ibada, a nan kamboja suke ce masa, kuma a kan kaburbura ake shuka shi. Mijin Ibu Sumarni kuwa bai daɗe da rasuwa ba. Ta shige ɗaki da hoton, ba ta sake fitowa ba. Prasetyo ya ce maganar aure sai abin da ta ce. Na rasa inda zan sa fuskata.

Darmi

Gianyar

'Yata Darmi,

Ina gaishe ki, kaina a sunkuye. Na duba fenti, na duba haske, ban tambayi bangon da za a rataya shi ba. Ni da na yi karatu a Java, na sha wuce itatuwan nan a maƙabartu! Ki ce mata wani tsohon malami ne ya zaɓa. In ta yarda, zan zo da kaina in durƙusa.

Nyoman Sukerta

Solo

Pak Guru,

Barka da war haka. Kada ka zo tukuna. Jiya Ibu Sumarni ta kira ni. Ta rataye hoton kusa da na marigayin. Ta ce gwiwarta ba ta kai ta maƙabarta, kuma cikin duk masu kawo kyauta ni kaɗai na tuna da shi. Ta riƙe hannuna, ta ce mini "Nduk", yadda suke kiran 'yar cikinsu. An sa rana.

Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai na ji na ce, "Na gode, Ibu."

Ka huta lafiya.
Darmi