Faston da Ba Ya Faɗa

Kawu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ya ƙafar taka?

Jiya bayan sujada, sakatariya da shugabar mawaƙa da dattijon da ke share mana coci suka shigo ofishina tare, suka ce sun ajiye aiki. Dattawan ikilisiya sun ce in ban dawo da su ba, za su nemi a canja ni.

Kawu, me na yi? Tun da na karɓi cocin nan daga hannunka ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Kai da ka yi shekaru kana yi musu faɗa kamar za ka cinye su, ko ɗaya bai tafi ba. Ni da ke yi musu sannu har bakina ya gaji, ni aka gudu aka bari.

Ɗanka, Fasto

*

Ɗana,

Alherin Allah ya tabbata a gare ka. Ƙafa da sauƙi, kunnena ne ya ji abin da ya fi ƙarfinsa.

Mai shara ya zo gaishe ni, ya zauna yana hawaye. Ya ce in ya gama shara ya jera bencina ya tafi, sai ka tuɓe kwat ka sake sharewa. Sanarwar da sakatariya ta buga, kai kake sake bugawa, ita kuma sai ta ji ana karanta abin da ba ta rubuta ba. Waƙoƙin da shugabar mawaƙa ta sha wahalar koya wa mutanenta, ka canja su ranar Lahadi da safe. Duk ka bi su da "Madalla, Allah ya yi albarka."

Har gwada ka ya yi: ya bar layi guda bai share ba, yana jiran ka kira shi. Washegari ya tarar da wurin tas, ka kuma gode masa. Ya ce mini, "Baba, ashe ko na mutu ba za a san babu ni ba."

Ni mafaɗaci ne, ban ce ka yi koyi da ni ba. Amma wanda ka yi wa gyara ido da ido, ka nuna masa aikin nasa ne. Wannan tawali'un naka yankan baya ne. Bi su gida ɗaya bayan ɗaya.

Kawunka

*

Kawu,

Na gaishe ka. Na je.

Matan biyu sun dawo. Yau na ce wa sakatariya sanarwarta ta yi tsawo. Ta harare ni, ta rage ta da kanta.

Mai shara ya ba ni kujera da ruwa, amma ya ce ba zai dawo ba. Ya sami aiki a wata makaranta. Wai hedimastan kullum sai ya bi bayansa yana mita, shi kuwa mai sharar ya ce a can ya san ana duba aikinsa.

A sa ni a addu'a.

Ɗanka