Babin da Ban Rubuta Maka Ba, Yaya Lawal

Zuwa ga yayana Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ni ce Rakiya. Na san wannan takarda ba ta gidan waya ba ce, ba kuma mai kai maka ita. Na rubuta ne don akwai maganar da nake ɗauke da ita shekara shida ke nan, kuma kai ya fi kamata ka ji ta.

Mutanen gida suna lafiya. Baba na nan yana aikinsa na akawu, kullum a kan keken nan nasa. Ni kuma na gama makaranta, ina koya wa 'yan mata karatu a nan Unguwar Sarki. Gari ya cika da zancen mulkin kai, duk zauren da ka wuce shi ake yi. Da kana nan da muryarka ta fi ta kowa.

Ka tuna ranar da ka shigo da akwatin littattafai a bayan keke? Wani Bature ne a ofishinku zai koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa. Mutane na rububin kujeru da tukwane, kai ka kwaso takardu. Inna ta leƙa akwatin ta ce, "Duk kayan gidan Bature, abin hura wuta ka ga ya dace da mu?"

Lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu, kai kuma kana buga tafireta a ofishin gwamnati. In ka dawo ka yi la'asar, sai ka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ka karanta layi biyu a zuci da Turanci, ka juya mana su da Hausa. Akwai labarin yaran da suka ɓata a ƙasar matsafa. Akwai na ɗan sandan ciki da ke gano mai kisa daga sawun takalmi. Akwai na mutanen da suka hau jirgi suka tafi duniyar wata, kowa da tukunyar ƙarfe a ka. Sai da na iya Turanci na gane rabin abin da kake faɗa babu shi a takardar. Duk inda labari ya yi maka lami, sai ka ƙara naka gishirin.

Wata rana na tambaye ka, in mutanen nan sun isa wata, ina za su fuskanta su yi salla? Ka yi dariya har littafin ya suɓuce. Da ka natsu sai ka ce, "Kin gani, Rakiya, wanda ya rubuta wannan bai san da mu ba. Sai mu rubuta namu." Washegari ka shigo da littafin rubutu mai baƙin bango da alƙalami da kwalbar tawada. Ka ce daga ranar ni ce magatakardarka, kai yatsunka sun gaji da tafireta.

Haka labarin Kande ya fara, kana faɗa ina rubutawa. Kande 'yar mai gadin tashar jirgi ce. Kowace Alhamis da hantsi wani jirgin ƙasa na shigowa tashar, ba hayaƙi, ba ƙara, ba fasinja, kuma ba mai ganinsa sai ita. Duk ranar da ya tashi, sai mutum ɗaya a garin ya manta sunansa, ya manta 'yan gidansu. Da abin ya faɗo kan mahaifinta, sai ta shiga jirgin. Ya nutsa da ita ƙarƙashin kogin Kaduna, zuwa birnin mutanen tagulla da ba su ci ba su barci, inda ake tara sunayen mutane a kwalabe. Ita kuma tana ta matsawa gaba, tarago bayan tarago, don ta ga wanda ke tuƙi.

Baffa Malam, wan Baba, mai makarantar allo a zauren gidanmu, bai so abin ba da farko. Ya tsaya a kanmu ya ce, "Tatsuniya da rana, Lawal? Kuma a rubuce? Takarda ba wurin ƙarya ba ce." Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baffa, ai duk mai ji ya san ƙirƙira ce, ba wanda na yaudara." Ya juya ya koma zaure. Amma bayan 'yan kwanaki muka lura ya mayar da buzunsa bakin ƙofar zaure ta ciki, daidai inda murya ke kaiwa, yana jan carbi kamar ba ruwansa. Ranar da Kande ta kai tarago na bakwai ka ce a rufe littafi, sai muka ji daga zaure an ce, "To wai wane ne ke tuƙa jirgin nan?"

Ka ce, "Baffa, sai babin ƙarshe."

Abokanka na Kawo sukan zo ran Lahadi a kekunansu don su ji inda aka kwana. Kowa da wanda yake zargin shi ne mai tuƙin, har gardama ta kan yi zafi. Kai kuwa ka ƙi gaya wa kowa, har ni. Ka ce in magatakarda ya san sirri, hannunsa zai tona shi tun kafin lokaci.

Da damina tari ya kama ka. Muka ɗauka mura ce. Da ya ƙi tafiya aka kai ka asibiti, suka ce tarin fuka ne, a ware maka ɗaki da kwano, kada yara su matso kusa da kai. Aka yi ta magani, kana ta ramewa. Daga baya kai da bakinka ka ce a kai ka Rigachikun wurin Kaka, mahaifiyar su Baba, ko iskar ƙauye za ta taimaka. Littafin ya tsaya saura babi ɗaya. Na nannaɗe shi a zane na sa a ƙasan akwatina.

Bayan wata biyu ka aiko wa Baba da 'yar takarda, layi ɗaya: a kawo Rakiya da littafi. Inna ta ce sam. Baba ya daɗe yana duban rubutun, don hannun ya karkace har da kyar ake gane naka ne, sannan ya ce in shirya. Muka hau mota a Kawo. A hanya ya ce mini, "A bakin ƙofa za ki zauna. Ba za ki shiga ba, ko ya kira ki. Ki yi mini alkawari." Na yi.

Da hantsi muka isa. Kaka ta ajiye mini 'yar kujera a bakin ƙofar ɗakin, kai kana kan gado can ƙurya. Da kyar na gane ka. Ka ɗago hannu ka ce, "Magatakarda, an iso?" Baba ya tafi gaida dangi, Kaka ta koma bayan ɗaki tana surfe. Na buɗe littafi, na tsoma alƙalami a tawada.

Farkon na ji shi sarai. Kande ta isa tarago na ƙarshe, ta ɗora hannu a kan ƙofar, ta ji ta da ɗumi kamar jikin mutum. Na rubuta. Daga nan muryarka ta dushe, don cutar ta riga ta ci maƙogwaronka. Bakinka na motsi, hannunka na nuni yadda ka saba, idonka na haske, amma abin da ke isowa ƙofa iska ce kawai.

Ga maganar, Yaya. Ban ji ba. Ko kalma ɗaya ban ƙara ji ba.

Tsakanina da gadonka bai wuce taku huɗu ba, kuma ba mai ganina. Na daɗe ina gaya wa kaina alkawarin Baba ne ya riƙe ni. Ba shi kaɗai ba ne. Na ga ƙyallen da ke hannunka da jini a jiki, tsoro ya kama ni. Tsoron mutuwa na ji, Yaya, tsoronka na ji. Kuma na kasa ce maka ka ɗaga murya, don ina ganin wahalar da kowace kalma ke ba ka.

Sai na ci gaba da motsa alƙalami. Na rubuta sunana, na rubuta naka, na rubuta kwanakin mako tun daga Lahadi har Asabar, na sake komawa farko. In ka tsaya jan numfashi in tsaya, in ka ci gaba in ci gaba. Har shafi uku. A wani wuri ka yi dariya, dariyar ta koma tari, da ya lafa ka zuba mini ido kana jira. Na san nan ne ka faɗi mai tuƙin. Na buɗe baki kamar mai mamaki, ka ji daɗi.

Da ka gama sai ka tattara sauran ƙarfinka, muryar ta ɗan fito. Ka ce, "Kin rubuta?" Na ce, "Na rubuta, Yaya." Ka ce, "Kin taɓa zaton shi ne?" Na girgiza kai. Ka lumshe ido ka ce, "Alhamdu lillahi, ya ƙare. Kada ki nuna wa kowa sai an buga."

Kwana biyu da dawowarmu aka zo da labarin rasuwarka.

Wannan kalma taka ta ƙarshe, ita na laɓe a bayanta duk shekarun nan. Abokanka suka tambaya, na ce ka hana. Bayan sadakar arba'in Baffa Malam ya kira ni zaure ya ce, "Rakiya, yaron nan ya gama labarin kuwa?" Na ce, "Ya gama, Baffa, amma ya ce sai an buga." Ya gyaɗa kai ya ce, "To amana ce, ki riƙe ta da kyau." Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na gwada rubuta ƙarshen da kaina, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na sa mai tuƙin ya zama sarkin mutanen tagulla, na sa ya zama shugaban tasha, na sa ya zama mahaifin Kande. Duk wanda na sa, in na karanta sai in ji ba naka ba ne, don ba wanda zai ba ka irin dariyar nan. Na yi ta ƙoƙarin tuno motsin bakinka, ko zan gane sunan. Yanzu har motsin ya fara ɓace mini.

Baffa Malam ya rasu cikin azumin da ya wuce. Ana saura kwana uku ya rasu na kai masa kunu, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Da alama zan riga bugun littafin nan tafiya. Ba komai, in na tarar da Lawal na tambaye shi da kaina." Na ajiye kwanon na fita, don kada ya ga fuskata. Ya tafi yana ganina mai riƙon amana.

Makon jiya na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na ɗauki littafin na kai wa Baba bayan ya dawo daga ofis, na buɗe masa shafukan nan uku, na gaya masa komai. Ya sa tabarau ya bi su layi-layi, Lahadi, Litinin, Talata, har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ni na ce ki zauna a ƙofa. Ko yau ne haka zan ce. Ɗa ɗaya na binne, Rakiya, ba biyu ba." Can ya cire tabarau ya ce a hankali, "Ni ma ranar ban shiga ɗakin ba. Ta taga na yi masa sallama." Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Yaya, ka amince mini da abin da ka fi so a duniya, na ce maka na rubuta alhali ban rubuta ba. Ban sani ba ko gara da ka tafi da farin cikin nan, ko gara da na gaya maka gaskiya ka sake gwadawa. Na juya tambayar ta kowane gefe, ban samu amsa ba. Abin da na sani kawai, ni ƙanwarka ce, ina ƙarama, na ji tsoro. Ka yafe mini, Yayana. Don Allah ka yafe mini.

Na aika a kira abokanka su zo ran Lahadi. Zan ba su wannan takarda su karanta, in ba su littafin yadda yake, ban cire shafi ko ɗaya ba.

Allah ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinka da na Baffa Malam, ya haskaka su. Allah ya sanyaya zuciyar Baba da ta Inna. Ni kuma Allah ya yafe mini ƙaryata, ya haɗa mu a inda ba cutar da za ta hana ni zama kusa da kai. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Rakiya