Ku Cire Sunana, Ku Mayar Da Na Yarinyar

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Masu Neman Tallafin Karatun Likita na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya aiki, ya fama da jama'a? Na rubuto maka a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a ka tozarta ni, kuma sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro.

Sunana Falmata Modu. Shekarata talatin da tara, ina da miji da 'ya'ya huɗu. Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin lafiya a wani ɗan asibiti da ke bayan Guri, inda in ruwa ya cika da damina sai a kwalekwale ake kawo mana mai naƙuda. Na gaji da rubuta takardar tura mace Haɗejiya alhali na san ba lalle ta isa da rai ba. Shi ya sa na koma aji. Sau uku ina zaman jarrabawar kimiyya tare da sa'annin 'ya'yana. Karatuna tsakanin sallar asuba da dama kokon yara, sai kuma a kan bencin asibiti in layi ya ragu. Bana Allah Ya ba ni makin da ake nema. 'Yata ta fari ma ta samu, har ta fi ni. Kowaccenmu ta cike fom ɗinta a inda take.

Na farko. Ranar Larabar da aka yi tantancewa, tun a ƙofa mai kiran suna ya tambaye ni 'yar wa na rako. Da na zauna a gabanka, ka ɗaga fom ɗina da yatsa biyu, ka tambaya ko so nake in gama karatu in fara da duba ciwon gwiwata. Aka kwashe da dariya. Wannan na haɗiye, ai na saba, a ajin ma Inna suke kirana.

Na biyu, maganar fom. A gurbin 'ya'ya na rubuta uku, ban sa ta fari ba. Tun da aka yaye ta goggonta ta ɗauke ta zuwa Kafin Hausa. Can ta tashi, ita take kira Umma, ni kuwa Yaya take ce mini. Don haka a nata fom, gurbin mahaifiya, sunan goggonta ta sa. Ni kuma tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa. Haka uwata ta yi da yayana, haka ake yi daga nan har Miga. Da na zo kan layin nan biro ya tsaya mini a hannu, na tsallake. Kuskure ne, na yarda, takardar hukuma ba wurin alkunya ba ce. Kun kuma gano mu ne domin sunan Malam Bukar da lambar wayarsa suna kan takardun biyu, miji a nawa, uba a nata. Mai niyyar zamba zai bar wannan? Kai ɗan Haɗejiya ne, ba baƙo ba. An ce kai ma ɗan fari ne, a ɗakin kakarka ka tashi. Sarai ka san abin da ka gani, ka ga dama ka sa masa wani suna.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ka sa aka shigo da yarinyar, ka tsayar da mu gaban tebur, taga a buɗe, iyayen yara sun cika baranda. Ka ce mun haɗa baki ne don gida ɗaya ya cinye gurbi biyu, alhali babu inda fom ɗinku ya hana uwa da 'ya nema tare. Na koma na karanta shi layi-layi. Sannan ka ce in 'yata ce in faɗi sunanta kowa ya ji. Kunya ta hana ni. Ka juya ga 'yan kwamitinka ka ce, "Kun gani ko? Uwar da ba ta san sunan 'yarta ba, ita ce za ta riƙe sunan magani?" Na dubi yarinyar, kanta a sunkuye. Na zaci in na faɗa za ka ƙyale ta. Na buɗe baki na ce Zainab. Ka ce ba ka ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Shekara goma sha tara ina riƙe da sunan nan, ka sa na zubar da shi sau biyu don ku yi nishaɗi. Da kuka gama dariyarku, ka ja jan biro a kan fom ɗina, ka ja a kan nata, ka ce a kira na gaba.

Haba Alhaji! In ni na yi laifi, ita me ta yi? Sunan matar da ta goya ta, ta yi jinyarta, ta kai ta makaranta, shi ta rubuta. Ubanta manomin shinkafa ne, gonarsa kuwa bara ruwa ya cinye ta. In babu tallafin nan, babu karatun likita a gidanmu, ka san da haka.

A ranar ta koma Kafin Hausa. Na raka ta tasha, sai da mota za ta tashi ta ce, "Yaya, da kin yi zamanki a asibitinki." Tun daga nan ba ta ɗaga wayata ba. Goggonta ta ce ta zuba littattafanta a buhu ta ɗaure bakinsa. Malam ya ce in bar wa Allah. Na bar maSa nawa, amma na yarinyar sai na nema.

An ce Juma'a mai zuwa za ku rufe jerin sunaye. Roƙona biyu ne. Ku mayar da sunan Zainab Bukar a inda makinta ya ajiye ta. Takardar haihuwarta tana hannuna, mai unguwarmu da goggonta a shirye suke su zo su ba da shaida. Nawa kuma ku cire shi, wannan wasiƙa ita ce takardar janyewata. Na san fom ɗinku ya ce kada mai nema ya kai arba'in, na kuma san shekarun da zan cika baɗi. Da idona a buɗe na rubuta wannan layin, kuma wallahi da ciwo.

Ban nemi ka ba ni haƙuri ba, ka riƙe abinka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya raya maka zuri'a. Kada Ya nuna maka ranar da za a tsayar da kai a yi maka dariya 'yarka tana gefenka a tsaye.

Wassalam.

Falmata Modu,
Haɗejiya.