A Buɗe Mana Ɗakin Baya Kafin Bango Ya Faɗo

Zuwa ga magadan marigayi Alhaji, masu gidan benen da muke haya a ciki, a nan Kontagora.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, manya da ƙanana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Na rubuto a fili ne domin na gaji da aike. In na je wurin babban yaya ya tura ni gun ƙane, ƙane ya ce gado ne, ba a raba ba, ba mai ikon taɓa ko ƙusa.

Na farko, bangon gaban gidan nan ya gaji. Tsaga ta taso daga sama ta sauko har kan tagarmu, hannuna yana shiga cikinta. Rodin barandar sama ya yi tsatsa ya kumbura, yana tunkuɗo siminti. A daminar bara wani ɓangare ya faɗo ya ragargaza randata, ina tsaye a gefenta.

Na biyu, abin da wakilinku yake kira gyara. Duk gabanin Sallah sai ya kawo mai shafe a liƙe tsagar, a bi da fenti. Masu wucewa har barka suke mana. Indararon sama kuwa a toshe yake tun Alhaji na da rai, ruwa ta cikin bangon yake bi. Maginin da ya zo bana ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji yana amsawa kamar fankon tulu, ya tattara kayansa ya ce shi ba zai shafa ba. Na tambaye shi saura shekara nawa bangon zai yi. Ya ce in daina lissafi da shekara.

Na uku shi ne abin da ke hana ni barci. Maigidana yana fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma gadonsa a jikin wannan bangon yake, don ɗakin bai da wani wurin. Bene ba ya hawuwa gare shi. In kuma muka koma gida, garinmu Rijau, babu mai kai shi asibiti.

Ga roƙona. Ku kawo injiniya ya duba, ya faɗa mana gaskiya mu duka. Kafin nan, ku buɗe mana ɗakin baya da ke ƙasa, wanda kuka kulle da tabarmi da butocin marigayi a ciki, mu koma can. Ba abin da zan taɓa. Ku turo shaida a kwashe a gabansa.

Wallahi tsoro nake ji. Hadari ya fara haɗuwa. Ranar da bangon nan zai taho, duk mai ƙafa zai gudu. Maigidana ba zai iya ba, ni kuma ba zan fita in bar shi ba.

Allah ya haɗa kanku, ya kare ku daga ɗaukar alhakin rai.

Wassalam.

Hajara, mai haya a ɗakin ƙasa na bakin titi.