Takardu Tara a Akwatin Ƙorafi

Kawu,

Ka taɓa ganin mutum ya shara ƙarya a gaban mutum arba'in, ko ƙifta ido bai yi ba? To ni na gani ranar Litinin. Af, afuwa, ban ma gaishe ka ba. Assalamu alaikum. Ya gwiwar? Ina fatan ɗinkin ya kama. Da kunnenka na jin waya da tuni na kira ka, amma ƙarar injinan nan ta cinye shi, shi ya sa na ba direban motar katako wannan ya kawo maka.

Injin zarto ya yanke abokin aikinmu Dogo. Yatsu biyu, na hannun dama. Murfin nan ne da ya karye tun bara, wanda aka ɗaure da ƙyalle. A taron Litinin Manaja ya ce sakaci ne, wai ba wanda ya taɓa sanar da ofis injin na da matsala, don haka ƙarshen wata Dogo zai bar aiki. Mutum mai 'ya'ya biyar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce sau tara na rubuta, sau tara na jefa a akwatin ƙorafin da shi da kansa ya sa aka kafa a bakin ofis. Na ce littafin injin ma, wanda na kwashe wata biyu ina haɗa baƙinsa da ƙamus a gefe, shafi na goma sha huɗu ya hana a kunna shi ba murfi. Ya ce makullin akwatin na wurin foman, shugaban ma'aikata, wato kai, kai kuwa kana jinya. Na ce ai guduma ba ta jinya. Wuri ya kaure da dariya. Aka fasa akwatin.

Ka san abin da ke ciki? Yanar gizo da ledar alewa ɗaya. Ya kife akwatin ya girgiza, ya dube ni ya ce, "Ina taran, malam mai karatu?"

Amma bai san ni ba. Kowace takarda sai da na kwafe ta a littafina da kwanan watanta. Litinin mai zuwa zan karanta su ɗaya bayan ɗaya. Masu fenti sun ce suna bayana, mai shara ta ce ta sha ganina ina jefawa. Abu ɗaya nake nema wurinka: wa ke riƙe da makulli na biyu? Na san Manaja ne, amma so nake in ji daga gare ka.

A gaida Gwaggo.
Ɗan ƙanwarka, Barkono

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, takardarka ta iso, gwiwa kuma alhamdu lillahi, ina takawa da sanda zuwa ƙofar gida. Labarin Dogo ya hana ni cin abinci. Ka duba min shi.

Shawarata ita ce ka mayar da littafin nan ƙasan akwatin kayanka. Kada ka sake kiran Manaja maƙaryaci. Akwatin ƙorafi ba shi da makulli na biyu, tun ranar da aka kafa shi ɗaya ne. Ka bari in warke, za mu san yadda za a yi.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka

*

Kawu,

Gaisuwa. Sau uku na karanta takardarka a bayan ma'ajiyar katako. Makulli ɗaya ne? Ɗayan nan kuwa ai na san shi, ƙaramin nan mai jan zare da ke rataye tare da na babur ɗinka. Sai na tuna duk Juma'a kai ne na ƙarshen fita, ka ce min in yi gaba za ka duba tagogi. Shekara guda kana duba tagogi, ni ban taɓa tambayar kaina me ke damun tagogin ba.

Ban gaya wa kowa ba. Dogo ya tambaye ni jiya ko an dace, na ce masa saura kaɗan. Kwana goma sha biyu suka rage masa. Ka ce min na yi kuskure, in zo har gida in durƙusa in ba ka haƙuri.

Barkono

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Ba ka yi kuskure ba. Ga su nan duk taran a cikin wannan ambulan, suna aljihun tsohuwar rigar aikina tun farko.

Ka sake karanta ta ɗaya. Layin farko ka ce ofis cike yake da kurame masu ƙaton ciki. A ta huɗu ka zana Manaja da kunnen jaki. Da ya ga ko ɗaya, da ba ka kai la'asar a wurin ba, ni kuwa na yi wa mahaifiyarka alkawarin ba za a kore ka ina numfashi ba.

Ban yi shiru gaba ɗaya ba. Sau biyu na tare shi a baranda na ce murfin zarto na son dubawa. Waya na kunnensa, ya gyaɗa kai ya wuce. Na ɗauka ya ji. Shekara talatin haka muke yi, a faɗa a hankali a tsaye, kada ran babba ya ɓaci. Ni ne kuma na ɗaura ƙyallen.

Saura min shekara biyu in huta. Idan maganar nan ta fito, ban san ko za a bar ni in cika su ba. Ka yi abin da ka ga dama da takardun.

Kawunka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Na karanta su. Kana da gaskiya a abu ɗaya: a ta ɗaya sai layi na goma sha biyu kalmar murfi ta fito, sauran duk zagi ne. Kunnen jakin ma bai yi kyau ba. Wannan laifina ne, kuma da bakina zan fara faɗarsa ranar Litinin.

Amma ni ba a kore ni ba, Dogo kuwa ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Idan ni kaɗai na miƙa takardun, Manaja zai ce jiya na rubuta su. Kai ba zai iya ce maka haka ba.

Na gama shirya komai. Direba zai tsaya ƙofar gidanka ƙarfe bakwai, kujerar gaba taka ce. Masu fenti sun tanadar maka kujera mai hannu da ɗan benci na ɗora ƙafa. Zan tsaya kusa da kunnenka na hagu, in yi maka tambaya biyu da ƙarfi: wa ya kwashe takardun, kuma sau nawa ka gaya wa Manaja a baranda? In ka amsa, sai mu juya mu yi wa Manaja tasa tambayar.

Kada ka aiko min da wata wasiƙa, ba zan buɗe ba. Ka zo ka amsa a gaban mutum arba'in ɗin, Dogo na zaune yana ji.

Ɗan ƙanwarka, Barkono