Takalman Rediyo a Ƙofar Ɗakin Salla

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauke ki lafiya, don Umma ta ce kin yi nauyi har sunkuyawa tana yi miki wuya. Mu nan kowa lafiya lau. Ciwon gwiwar Abba ya yi sauƙi, ya koma yin salla a tsaye, sai dai yana daɗewa a ruku'u. Umma tana tsokanarsa wai ba tsoron Allah ne ya ƙaru ba, gwiwa ce ta ƙi miƙewa. Keken ɗinkinta ya sake tsayawa, ta gyara abinta da wuƙar kicin.

Yaya, akwai maganar da ta tsaya min a wuya, kuma a gidan nan babu wanda zan iya faɗa wa. Kin san tun farkon zangon nan aka ba ni mabuɗin ɗakin salla na makarantarmu. Ni nake sharewa, in shimfiɗa tabarmi, in jera takalma idan za a yi Azahar. An ce an zaɓe ni ne saboda kullum a can ake samuna lokacin hutu. Ke kin san hayaniyar fili nake gudu, amma Malamar addini ta ɗauka ibada ce, ni kuma kunya ta hana ni gyara mata. Yanzu 'yan ƙananan aji Malama Ƙarama suke ce min. Ɗakin ba shi da girma, don haka Malama ba ta shiga ta duba fuskoki. Kowace ɗaliba an sa ta rubuta sunanta a cikin takalminta. Idan an tayar da salla sai Malama ta bi layin takalman a baranda, aji bayan aji, wadda babu nata ba ta yi salla ba ke nan. Masu uzuri na wata suna zama a benci kusa da ita, ita kuma sai an idar take yin tata.

Kin tuna ƙawata Rediyo, wadda kika ce idan ta zo gidanmu a kashe na Abba don biyu sun yi yawa? Mahaifiyarta ta rasu a hutun da ya wuce bayan doguwar jinya, ta koma hannun kawunta. Tun da muka dawo ba a jin muryarta a aji, kuma ta daina shiga salla. Da farko a benci take zama, har Malama ta ce uzuri ba ya cinye wata guda. Aka kira kawun, ya zo da baƙin man gareji a hannunsa, ya ce idan aka sake kiransa a kan maganar salla to ta gama makaranta, ba zai bari boko ya ƙarasa lalata masa ita ba.

Washegari na same ta a tsohon ajin da ake tara karyayyun kujeru. Na roƙe ta ta zo mu tafi. Ta ce ba ƙi take yi ba. Ta ce duk tsawon jinyar nan goshinta a ƙasa yake, ta roƙa har muryarta ta dishe, yanzu kuwa idan ta ɗaga hannu za ta yi kabbara sai ƙirjinta ya toshe. Sai na ga ta cire takalmanta ta ajiye a gefe. Ba ita ta ce in ɗauka ba, Yaya, ni na ɗauka. Na ɓoye su a cikin hijabina na kai layin ajinmu.

Tun daga ranar haka muke yi. Takalma suna ƙofar ɗakin salla, mai su tana can ƙafa a ƙasa cikin kujeru. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne kafin zuciyarta ta huce. Amma tawa sallar ce ta fara lalacewa. Ina tsaye a sahu hankalina yana baranda, ina sauraron takun Malama, har akwai ranar da muka yi sallama ban san me na karanta ba. Malama kuwa har yabon Rediyo ta yi a aji, ta ce ta shiryu, kullum takalmanta ne a farkon layi. Na sunkuyar da kai, aka ce tawali'u ne.

Ranar Alhamis Rediyo ta taka ƙusa a tsohon ajin. Mai shara ta rungumo ta za ta kai ta ɗakin magani, kuma hanyar ta barandar take. Ana tsakiyar salla suka wuce, jini yana bin sawunta, Malama tana tsaye daidai gaban takalman Rediyo. Rediyo ta ce ita ta ajiye su da kanta, kuma ranar ce kawai. Malama ba ta yarda ba. Ta ce akwai wadda ba ta ƙarya, mai jera takalma, ranar Litinin za a tambaye ni a gaban Shugaban makaranta da kawun ko Rediyo tana shiga salla. Ta dafa kafaɗata ta ce abin da na faɗa shi za a ɗauka. Sannan ta miƙo min takalman ta ce in riƙe zuwa ranar, don a hannuna ne ta san ba za su ɓata ba.

Duk inda na juya bango ne. Idan na ce tana shiga, na yi ƙarya a kan salla, da mabuɗin ɗakin a wuyana. Idan na ce ba ta shiga, da bakina na rufe mata makaranta, ga jarrabawar ƙarshe ta matso. Na gwada tambayar Abba a kaikaice, kamar labarin wasu ne. Ya ce gaskiya ɗaya ce, sannan ya juya ya ce wa Umma ya gode wa Allah da 'yarsa ce ke riƙe da mabuɗi. Umma ma babu mai kawo ɗinkin da ba ta faɗa wa ba.

Jiya na je duba Rediyo, na same ta a bakin ƙofa da ƙafa a naɗe. Ta ce kada in yi ƙarya dominta. Har ta ɗan yi dariya, wai takalmanta sun fi ta lada, a bar su su zauna jarrabawar. Da zan tafi ta riƙe bakin hijabina, ta ce idan na yi sujada in sa mamanta a ciki, ita bakinta ya ƙi, amma ba ta so a bar ta babu mai roƙa mata. Yaya, wadda ta rabu da Allah za ta faɗi haka?

Wannan maganar nake so in faɗa musu, bayan na faɗi cewa ni ce na riƙa kai takalman. Na yi ta gwadawa a gaban madubin Umma, amma kin san bakina a gaban manya. Sai nake tuna lokacin da kike koya min salla. Ranar da na yi taurin kai ba ki kai ƙarata ba, tabarma kawai kika shimfiɗa kika bar min wuri a gefenki. Na san takardar nan ba za ta iso wurinki kafin Litinin ba. Takalman suna cikin jakata, ni zan kai su ofishin Shugaba, wannan karon a hannu ba a cikin hijabi ba. Ban sani ba ko bakina zai buɗe, ban kuma sani ba ko kawun zai tsaya ya ji har ƙarshe.

Ki gaida maigidanki da kyau, da Ƙarami da Mai Kumatu, ki ce musu ina nan ina kewar rigimarsu. Abba da Umma suna gaisuwa, Goggo ma ta ce a gaishe ki. Idan kin yi sujada ki sa ni, ki sa Rediyo, ki sa mamanta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta